Atishawar Mariya

Jikoki tara Kogo Tapsabei ta samu (Kogo muke ce wa kaka, da ma kowace tsohuwa), kuma duk maza. Tara fa, ba biyu ba, ba uku ba. A wajenmu guɗa uku ake yi wa mace, huɗu namiji, saboda haka duk ranar da wata cikin surukanta ta sauka, Kogo takan tsaya a bakin ƙofa tana ƙirgawa da yatsu. A yi ta farko, a yi ta biyu, a yi ta uku, ta riƙe numfashi, sai wata mai ƙaton maƙogwaro ta ƙara ta huɗu. Kogo ta ce an gode Allah, ta koma gonar shayinta tana fizgar ganye kamar da shi suka yi faɗa.

Ba wai ta ƙi jinin maza ba ne. Alkawari ne a wuyanta. Yayar mijinta, Mariya, shekara shida ke nan da rasuwa, ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba. Abin da ta bari shi ne kofin shayi na ƙarfe wanda bakinsa ya gwaguye, da gwangwanin garin taba, da magana ɗaya. Ranar da za ta cika ta damƙe hannun Tapsabei ta ce, "Kar ki bar ni a can. Ba ni da mai kirana sai ke. Ran da aka haifi mace a gidan nan, ki kira ni in dawo. In kuwa kika ƙi, kin dai san halina."

Kowa ya san mamaci ba ya dawowa don kansa, kiransa ake yi. Mata su kewaye jariri, tsohuwa ta riƙa ambaton matattun gidan ɗaya bayan ɗaya, wanda aka ambata jaririn ya yi atishawa, shi ne ya amsa, sunansa za a sa. Namiji ya dawo a namiji, mace a mace. To mazan gidan sun yi ta dawowa har sun ƙare, har an fara maimaita wasu, ita kuwa Mariya tana can tana jira.

Sai ga shi ran wata Talata Chepkorir, matar autanta Mwalimu Kipkirui, ta haihu a asibitin gari. Kogo tana cikin gona da kwando a baya ta ji guɗa daga wajen gida. Ɗaya, biyu, uku. Ta tsaya tana jiran ta huɗu. Shiru. Wallahi tsohuwar da kullum take kukan gwiwa, ranar da gudu ta hau tudu, ganyen shayi yana zuba a bayanta ba ta ko waiwaya ba.

Murna ba ta kwana ba, sai ga matsaloli, har uku.

Ta farko ita ce Mariyar kanta. Sunanta na yarinta tun ranar baftisma ta binne shi, ta ce duk wanda ya kira ta da shi, ko a kabari ba za ta amsa ba. Wani fada, limamin coci ɗan Italiya, shi ya sa mata Mariya. Ta je Kericho wanki a gidan wani Ba'indiye, can suka mai da ta Meri. Ta auri wani musulmi mahauci, ta zama Mariyamu, wata goma sha ɗaya. Ta auri wani ɗan cocin Asabar, suka ce Miriyam ne daidai. Ƙarshe ta dawo gidan ubanta da suna huɗu, babu miji ko ɗaya. Kuma duk cikin huɗun babu wanda take amsawa a kan lokaci. Shekara arba'in Tapsabei tana tsayawa a bakin darni da safe tana ƙwala mata kira ta zo su sha shayi, ita kuwa tana ji sarai, sai ta ci gaba da sharar tsakar gidanta. Ba ta motsawa sai ta ji an ce za a ba wani shayin. Nan ne za ka gan ta ta keto darni tana masifa, wai wane mara kunya ne zai taɓa mata kofi.

Ta biyu ita ce Tapkigen, uwar mijin Kogo, wadda ita ce ke bin Mariya a jerin matattun mata. Wannan mata! Itacen girki ƙirga shi take yi. Ta sunsuna goran nonon Tapsabei ta tofar da yawu, ta ce tuwonta da shi ya kamata a yi ginin coci. Ran da ta jefar da akwatin Tapsabei waje cikin ruwan sama, Mariya ce ta ɗauko shi ta ɗora a kan gadonta, ta zauna a bakin ƙofa da muciya, ta ce wa uwar da ta haife ta, "In kin isa, zo ki sake taɓa shi." To in Mariya ba ta amsa ba, Tapkigen za a kira. In kuwa yarinya ta yi atishawa a kanta, Kogo ce za ta goya Tapkigen, ta wanke mata kashi, ta riƙa ce mata Mama. Ta ce gara ta koma gidan ubanta da tsufanta.

Ta uku kuwa ɗanta ne. Mwalimu Kipkirui malamin firamare ne, kuma tun da ya sayi wani littafin sunaye a tashar motar Nakuru ba a sake samun lafiya a gidan ba. Ran Juma'a da yamma ya same ta tana tsintar wake, ya zauna a kan kujera, ya gyara tabarau.

"Mama, kin san ma'anar sunan nan kuwa?"

"Na san mai sunan."

"Ba ita nake nufi ba. Asalinsa na Yahudawa ne, Miriyam, yayar Annabi Musa. Masana suka raba shi biyu, suka ce rabin farko ɗaci, rabin ƙarshe teku. Teku mai ɗaci, Mama! Ni da hankalina in ɗauki 'yata in sa mata teku mai ɗaci?"

"Ka taɓa ganin teku?"

"Mun kai 'yan aji takwas Mombasa."

"Ka ɗanɗana?"

"Gishiri ne."

"To ka gani. Ko a ɗacin ma ƙarya suka yi maka."

Mwalimu ya lashi yatsa ya juya shafi. "Wasu kuma suka ce tawaye yake nufi."

"Yauwa," in ji Kogo. "Wannan kam ya zauna da ita."

"Wasu suka ce a Masar Yahudawan suka aro shi, wai abar ƙauna." Wannan da sauri ya faɗe shi, can cikin maƙoshi. "Mutanen Roma kuma suka ce ɗigon teku, daga baya ya koma tauraruwar teku."

"Kai, mutanen nan ba su da wani ruwa sai teku? Babu rafi, babu rijiya?"

"Abin da nake nuna miki ke nan! Shekara dubu biyu masana sun kasa shiryawa a kan suna ɗaya. Ni ba zan sa wa 'yata rigima ba. Sofiya zan sa. Hikima. Magana ɗaya, babu gardama."

"Sofiya 'yar gidan wa ce? A ina aka binne ta?"

"Mama, ba sai an binne mutum ba."

"To ni ban san ta ba, kuma ba ta taɓa ɗaukar mini akwati cikin ruwa ba."

Kogo ba ta iya karatu ba, amma tana da ido. Ta ga ya ɗora babban yatsansa a kan layin ƙarshe na shafin, bai ɗaga ba har ya rufe littafin. Ta kuma san ba teku ne ke damunsa ba. Shekarar da ya fara koyarwa ya wuce Mariya a kasuwa bai gaishe ta ba, don yana tare da abokan aikinsa, ita kuma tana zaune a ƙasa tana shaƙar taba. Ta ari muciya wajen mai abinci ta bi shi tun daga 'yan kabeji har 'yan gwanjo, ɗalibansa suna tafi. Mutum da gemunsa. Bai manta ba.

Da ya tafi Kogo ta shiga ɗaki ta jawo gwangwanin tabar Mariya daga ƙarƙashin katifa. A da, ana ɗan kaɗa garin taba kusa da hancin jariri don a taimaka wa mamaci. Amma malamar asibiti ta tara matan ƙauyen ta ce ko warinta kar ya kusanci jariri, kuma duk sun ɗaga hannu sun yi alkawari, har da Kogo. Ta daɗe tana kallon gwangwanin. Ta ce a ranta ai ba kusa za ta kai ba, ɗan buɗe murfin kawai za ta yi a bayanta, iska ta yi sauran aikin. Ta ɗaure shi a bakin zane, ta ɗauki kofin ƙarfen shi ma ta sa a jaka.

Asabar da hantsi mata suka cika ɗakin Chepkorir, ana yayyafi a waje. Mai kiran matattu ita ce Kogo Taputany, wadda ta yi shekara hamsin tana wannan aiki, kunnenta ɗaya ya mutu, ɗayan yana jinya. Dokarta ba ta canzawa: kowane suna kira ɗaya mai kyau, a jira, in shiru a wuce. Tun da asuba Kogo ta aika mata da goran mursik, nonon nan mai ƙamshin gawayi, don ta yarda a fara da Mariya kuma a ba ta sunayenta huɗu cif. Maza ba sa shiga. Mwalimu ya tsaya ta waje a bakin taga, littafi a hammata, ya ce shi ya zo ne ya ga jahilci da idonsa.

Ita kuwa jaririyar, an naɗe ta da bargo uku da hular ulu, tana ta barcinta. Kogo ta zaɓi wuri kusa da ƙofa, inda iska ke shigowa. Abin da ba ta lissafa ba shi ne iskar ba ta sauka ƙasa wajen jaririya. Ta saman kawunan mata take bi, ta fice ta taga.

Taputany ta gyara murya. "Mariya, ke ce? In ke ce, ki amsa."

Kogo ta kai hannu baya ta ɗaga murfi. Ɗaki ya yi tsit.

"Attishaa!"

"Ta amsa!" in ji Taputany, ta kama guɗa.

"Tsaya, Kogo, ba yarinyar ba ce," in ji Chepkorir. "Ubanta ne."

Duk aka juya wajen taga. Mwalimu ya share hanci ya ce sanyi ne, su ci gaba da abin da suke yi.

"Meri, ke ce? In ke ce, ki amsa."

"Attishaa!"

"Mariyamu, ke ce?"

Wannan karon har tabarau ɗinsa ya yi tsalle ya faɗo cikin ɗaki. Da aka ce Miriyam kuwa, biyu ya yi a jere, ya kama ƙarfen taga don kar ya faɗi. Jaririya ko motsi.

Taputany ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta girgiza kai. "Shekara hamsin ina aikin nan, ban taɓa ganin mace ta dawo a ƙato mai gemu ba. Amma Mariya ce. Babu abin da ba za ta iya ba."

"Haba Kogo, mura ce!"

"Mura mai jin suna? Kira huɗu, amsa biyar. An bar baiwar Allah shekara shida tana jira, ta iso ta tarar da wani a bakin taga ya tare hanya, ta shige abinta."

Tirƙashi! Ɗaki ya kaure. Wata ta ce, "Sannu da zuwa, Mariya, ya hanya?" Wata gwauruwa ta matso har bakin taga ta ce, "Don Allah kin ga mijina a can? Bai faɗa miki inda ya ɓoye takardar gona ba?" Chepkorir tana dariya tana riƙe ciki saboda ɗinki, ta ce, "To ni yanzu da wa nake aure?"

"Ni Kipkirui ne! Ina da takardar shaidar koyarwa!"

"Ji masifar," in ji gwauruwar. "Sak."

A nan ne idon Mwalimu ya faɗa kan matar shugaban makarantarsu, tana zaune a kusurwa, ta riga ta ciro waya daga jaka tana murmushi. Ya hango safiyar Litinin: yara sittin sun miƙe tsaye, baki ɗaya suna gaishe da Malama Mariya. Gumi ya karyo masa, ana ruwa.

Taputany ta ɗaga hannu aka yi shiru. "To, sunayen Mariya sun ƙare, kuma ta samu masauki. Yarinya kuwa ba za ta zauna babu suna ba. Mu wuce. Tapki..."

"A'a!"

Baki biyu ne suka faɗa, ɗaya daga ƙofa, ɗaya daga taga. Tun da aka yaye Mwalimu, ranar ce ta farko da bakinsa ya zo ɗaya da na uwarsa.

"Sunan bai ƙare ba, Kogo!" Ya zaro littafi. "Ku miƙo mini tabarau. Sunan nan babu ƙasar da bai je ba. Can inda take ai duk kabilun duniya a haɗe suke. Wa ya sani ko ta sake aure?"

"Wannan kam halinta ne," in ji Kogo da sauri.

Taputany ta yi tsaki, amma ta tuna goran mursik, ta ce ya karanto.

"Larabawa suna cewa Maryam."

"Maryam, ke ce?"

Kogo ta ɗaga murfi. Mwalimu ya yi atishawa.

"Turkawa, Meryem. Attishaa! Faransawa, Mari."

"Mari kawai? Ina sauran? Talauci ne ya kama su?"

"Haka yake, Kogo, ki kira. Rashawa kuma Masha."

"Masha ai sunan saniyar maƙwabcinmu Arap Tuwei ne."

"Ki dai kira!"

Ta kira. Aka je Ailan aka ɗauko Moira. Aka je wasu tsibirai a tsakiyar teku aka ɗauko Maliya, Kogo ta ce ga tekun nan kuma ya dawo. Aka je can yamma wajen Hausawa aka ɗauko Mairo, Taputany ta ce wannan ya yi mata daɗin baki, ta kira shi har sau biyu. Kowane kira Kogo sai ta ƙara buɗe murfin fiye da na baya, don hankalinta ya fara tashi. Tun Mwalimu na yi shi kaɗai, har gwauruwa ta kama, matar shugaban makaranta ta kama har wayarta ta faɗi, kyanwar gidan ta yi guda biyu ta fice. Mariya ta amsa a harshe goma sha ɗaya, duk ta hancin ɗan ƙaninta. Jaririya kuwa ta yi hamma ta gyara kwanciya.

Chepkorir ce ta fara daina dariya. Ta ɗaga hanci ta shaƙi iska, ta jawo 'yarta ta rufe mata fuska da gefen bargo.

"Mama, mene ne a bayanki?"

"Bayana ne."

"Mama."

Kogo ta fito da hannunta a hankali. Ga gwangwani, murfi a buɗe, rabin garin ya zube a zanenta. Babu wadda ba ta gane shi ba, don duk sun sha ganinsa a hannun mai shi.

"Haba Mama! Kwana huɗu fa da haihuwarta. Ke da kika ɗaga hannu a gaban malamar asibiti?"

Kunya ta rufe Kogo, irin wadda rabonta da ji tun tana amarya. Ta rufe murfin, ta miƙa wa ɗanta ta taga, ta ce ya kai shi nesa. Da ta buɗe baki, muryar ba irin tata ba ce.

"Ki yafe mini, 'yata. Tsoro ne. Shekarata saba'in da takwas. Tara na jira kafin wannan, ta gaba kuma ban san ko zan gan ta ba. In na mutu, wa zai kira ta? Ku duk muciyarta kuka sani da tabarta. Ni kaɗai na rage da na san ta."

Babu wadda ta yi dariya. Taputany ta ce a hankali, "Tapsabei, ba a jawo mamaci da ƙarfi. An kira, ba ta zo ba. Doka ce, sai na wuce."

"Kogo, dakata kaɗan," in ji Mwalimu. Ya dawo bakin taga, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ba don Litinin yake magana ba yanzu, an riga an wanke shi. "Mama, akwai ma'ana ɗaya da ban karanta miki ba jiya."

"Na ga yatsanka."

"Wasu masanan sun ce yana nufin 'yar da aka daɗe ana nema."

Kogo ta gyaɗa kai. "Ita ta nema ba ta samu ba. Babu mai maganin da ba ta je wa ba, daga nan har Kisii. Kai kuma da na haife ka zazzaɓi ya kwantar da ni, nonona ya ƙafe. Wata biyar kana bayanta, tana ɗura maka madarar akuya da cokali, tana ce wa mutane a kasuwa nata ne. Ran da ta bi ka da muciya, da ta dawo gida abinci ma ba ta ci ba. Kuka ta yi ta yi, wai ɗanta ya ji kunyarta."

Mwalimu ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce tabar ce har yanzu. Babu wanda ya ƙaryata shi.

Daidai nan aka shigo da butar shayi, don ƙarfe goma ta yi, kuma a ƙasar nan ko gobara ake yi sai an sha shayin ƙarfe goma. Aka fara rarraba kofuna. Kogo ta sa hannu a jaka ta ciro kofin ƙarfen nan mai gwaguyayyen baki. Dama ta zo da shi ne don a yi murna. Ta miƙa aka cika shi, ta zuba suga cokali uku yadda mai shi take so, ta zauna a gefen gado tana kallonsa. Tana kallo, baƙin cikin yana juyewa yana zama haushi. Shekara shida tana wanke kofin nan. Ta sha kunya saboda matar nan a gaban surukarta. An kira ta da harshen Turkawa!

Ta miƙe tsaye, kofi a hannu, ta ɗaga murya yadda take yi a bakin darni.

"Ke Mariya! Wallahi kin ban haushi. Tun safe ake kiranki, kina ji, na san kina ji, kina can kina sharar banza. To shi ke nan, zauna. Ga shayinki nan, madara zalla, suga uku. Tunda ba kya so, uwarki zan ba. Taputany, kira Tapkigen ta zo ta shanye!"

Taputany ta buɗe baki.

"Tishi."

Ƙaramar atishawa ce, ko kyanwa ta fi ta ƙara. Amma daga cikin bargo ta fito, kuma kowa ya ji, har da mai mataccen kunne. Aka duba taga, Mwalimu ya ɗaga hannu biyu sama ya ce ba shi ba ne. Jaririya ta yamutsa fuska ta sake yin wata, don kar a yi musu.

Guɗa ta tashi har kaji suka watse a tsakar gida. Uku aka yi, kuma babu wadda ta kuskura ta ƙara. Gwauruwa ta ce ita dama ta san ba za ta daɗe a jikin Mwalimu ba, wurin babu daɗi. Mwalimu ya gyara tabarau ya fara cewa in aka duba a kimiyyance, tururin shayi idan ya haɗu da sanyin ɗaki...

"Baban Kiptoo," in ji Chepkorir, tana kiran mijinta da sunan ɗansu, "ka ƙara kalma ɗaya, sunan ya koma kanka."

Ya rufe littafi. Can kuma ya ce, cikin ƙaramar murya, ran Litinin zai je ofishin rajista, kuma Mariya zai rubuta, yadda fada ya sa mata.

Kogo ba ta ji shi ba. Ta ajiye kofin a kan tebur, ta goge hannunta sosai a zanen wata, don nata duk taba ne, sannan ta miƙa hannu. Chepkorir ta ɗan dube ta, ta ɗora mata yarinyar. Jaririyar ta buɗe ido ɗaya, ta haɗe gira, ta kalli tsohuwar kamar an taɓa mata kaya.

Hawaye ya zubo wa Kogo, bai kuwa dame ta ba ko ana kallo.

"Shekara shida," ta ce. "Ina kika tsaya?"

Aka sha shayi, aka ci tuwo da ganye, ruwa ya ɗauke, mata suka watse. Kofin ƙarfen kuwa yana nan a kan tebur a cike. Gwauruwa ta kai hannu za ta sha kafin ta tafi, Kogo ta buge hannun ba tare da ta ɗago kai ba.

"Da mai shi," ta ce.